Lambu Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Asabar ɗin ƙarshen Agusta
ake buɗe lambunan bakin kogin Wisła,
nan Toruń, bayan layin dogo,
inda jirgi kan wuce ya kaɗa ganyen kabeji.
Na hau bas da takalmin da bai san laka ba.
Na ce kallo kawai zan yi.
Shekara uku ke nan ina faɗin haka.

A bakin ƙofa Bogumiła ta kafa tebur,
tana sayar da tikiti, tana ba da gulma gyara:
wai kabewar Ludwik ta haura kilo sittin
don madara yake ba ta da dare,
wai alƙalin gasa surukin mai furen wardi ne,
kowa ya san inda jan ƙyallen zai kwana.
Na yi dariya.
Bakina ya yi mamakin kansa.

Na bi lambuna ɗaya bayan ɗaya.
Celina ta ɗaure tumatir da tsofaffin safa,
wani dattijo na zagin dodon koɗi
kamar sun ci bashinsa sun gudu.
Ƙarƙashin rumfa, malamar jami'a
tana bayanin taki da allo da alli,
tsofaffi na gyaɗa kai cikin ladabi,
gobe kuwa yadda iyayensu suka yi za su yi.

Ƙafa ta san hanyar da ido ke gudu.
Ga arba'in da ɗaya.

Shekara ashirin da tara Ignacy ya durƙusa a nan.
Da ya rasu, gwiwata ta ce ba ta iyawa,
na sayar da kunyoyinsa,
kunyar ta biyo ni gida.
Yanzu an shafa wa bukkar rawayan fenti,
an rataye lilo a reshen tuffa,
inda albasarsa take, ciyawa ce an aske ta ƙwal.
Yaro ya ɗaga mini hannu ta saman shinge.
Na ɗaga masa. Ban shiga ba.

Da na nufi mafita sai ga teburin musayar iri,
ambulan-ambulan cikin kwalin takalmi:
karas, tafarnuwa, kokwamba, wani fure mai dogon suna.
Yatsana ya tsaya kan guda.
An rubuta: Waken Ignacy, mai hawa, mai ɗigon ja.
Ba rubutunsa ba ne.
Nasa ya fi wannan muni.

Na tambayi budurwar da ke tsaron teburin,
wane ne Ignacy?
Ta ɗaga kafaɗa. Wani tsoho ne, in ji su,
duk wanda ya roƙa sai ya cika masa tafi,
sharaɗinsa ɗaya: baɗi ka dawo da tafi biyu.
Yau lambu goma sha bakwai ke da shi a nan,
har wata ta kai shi Gdańsk.

Ni kuwa me na tuna?
Jarida shimfiɗe a teburin kicin,
ɓawon wake ko'ina, har cikin kofin shayina,
ina faɗa, yana ɓara,
ina faɗa, yana ɓara.

Na ce a ba ni ɗaya.
Ta buɗe littafi: Kina da lambu?
Na ce baranda, hawa na huɗu, tukunya guda.
Ta ce ya isa,
ki ɗaura masa igiya, shi ya san hanya.

A bas na zauna gefen taga,
laka ta rufe takalmin har idon sawu.
Duk ramin da muka faɗa
ambulan ya yi kacau-kacau a aljihuna
kamar mai gyaran murya zai ce wani abu.
Ba yanzu ba, Ignacy.
Akwai sanyi a gaba, akwai dusar ƙanƙara.
Sai watan Mayu.
Ka san tafi biyu ake bi na.